Keso da Mari: Haɗa Kayan Dandamali don Wasan Shaihu Umar

Manazarta sun yi rubuce-rubuce da dama a kan jigo da salon Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka kuma a kan wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga cikinsa, wanda aka buga a 1975. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne kayan da ɗan wasa yake riƙewa a hannu. Da ɗalibanmu suka tashi ɗora wasan a dandamali, wannan ɓangaren aka danƙa mini, wato in samar da duk abin da mutumin ƙarshen ƙarni na 19 zai taɓa, tun daga Kagara har tsakiyar hamada.

Kayan malanta ba su ba da wahala ba, domin allo da buzu da alƙalami da gafaka har gobe ana sayar da su a Kasuwar Kurmi. Littattafan Shaihun ne suka buƙaci tunani. A wancan zamani warƙa-warƙa suke, ba ɗinkakku ba, saboda haka muka jiƙa takardu a ruwan shayi muka shanya. Ba mu rubuta aya ko ɗaya ba, tunda kayan wasa hannu da yawa ke jagwalgwala su a bayan labule. Takobi kuwa miƙaƙƙe muka sassaƙa, aka rataya shi a kafaɗa da hamila. Lanƙwasasshen takobin nan na ƙugu, daga finafinan ƙetare yaranmu suka ɗauko shi.

Kuɗi ne suka fi koya mini darasi. Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri 2,500, keso guda kuma wuri 20,000 ne. Ke nan ciniki babba ɗaukar kaya ne, ba miƙa hannu ba. Muka sa aka saƙa kesuna na kaba, muka cika su da tsakuwa, muka barbaɗa wuri na gaske a baki. Wasu sun so a cusa tsumma don sauƙi, na ƙi. Wanda ya ɗauki tsumma a kai, wuyansa ne zai tona masa asiri tun kafin ya buɗe baki.

A kan mari ne aka yi gardama ta gaske. Mai ba da umarni ya nemi a yi na roba a shafa masa baƙin fenti, saboda tausayin ɗaliban da za su fito a ayarin bayi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ni dai na ga cewa labarin da aka sace yaro a cikinsa, aka kuma sayar da mahaifiyarsa tana kan hanyar nemansa, bai kamata a kashe masa ƙarar ƙarfe ba. Harshen littafin mai sanyi ne, har mai karatu kan iya wuce bauta bai ji ta a jikinsa ba. A dandamali babu wannan uzuri. Daga ƙarshe wani tsohon maƙeri ya ƙera mana na siririn ƙarfe, dukawa suka naɗe cikinsa da fata don kada ya ci idon sawu. Muka bar zoben tsakiya a sake. Da ayarin ya ratso dandamali cikin duhu, 'yan kallo sun ji shi kafin su gan shi.