Daga Unguwar Tudu Zuwa Mumbai: Na Sha Gumi, Na Yi Kallo

Jama'a, tun ina yaro a Unguwar Tudu nake kallon finafinan Indiya, ina cewa wata rana sai na taka Mumbai. Shekara uku ina zubin adashi, na haɗa da kuɗin bijimina, sannan tafiya ta yiwu.

Ina fitowa daga filin jirgi, zafi mai danshi ya rufe ni. Zafin Gwarzo busasshe ne, wannan kuwa kamar an buɗe maka madambaci a fuska. Kafin in isa masauki rigata ta jiƙe sharkaf!

Aljihu ba nauyi, sai jirgin ƙasa, a cunkushe kamar akori-kurar ranar kasuwa. Abincina vada pav, wato burodi da soyayyen dankali. Na je Bandra ƙofar Mannat, gidan Shah Rukh Khan, ko ƙeyarsa ban gani ba.

Amma sinimar Maratha Mandir ce ta kashe min jiki. Tun 1995 suke nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge, sai dai korona ta taɓa rufe su. Na shiga, na tarar matasa suna bin waƙoƙin da baki.

Sai na tuna gida. Turmin Danya ya fito a 1990. Don Allah, wa ya adana kaset ɗinsa?