Faɗaɗa Hanya Daga Ciki

Duk wanda ya zauna a Jiwa, ko Gwagwa, ko Karmo, ya san ma'anar jan fenti a jikin bango. Da zarar an ce za a faɗaɗa titi, magidanci kan fara auna tazarar zaurensa da kwalta tun kafin injiniya ya iso da nasa ma'aunin. A cikin wannan zullumi muke tun da Dokar Soja ta 6 ta 1976 ta mayar da yankin mazaunin babban birnin tarayya, alhali Jiwa ta girmi birnin, da sarautarta da maƙabartunta.

Shi ya sa labarin ramin mota na Nazzano, kusa da Rum a Italiya, ya tsaya mini a rai, ko da yake adabi na karanta. Ramin ya yi wa motoci kaɗan, sai aka ƙara masa faɗi daga ciki, ba a yaye ƙasar da ke bisansa ba, ba a kuma rufe hanya ba. An kifa wata rumfar ƙarfe a kan titin, motoci na bi ta ƙarƙashinta. A bisa rumfar inji ke yanka ƙasa ya lanƙwaso kamar baka, a cike yankan da kankare don ya tallafi nauyin sama, sa'an nan a fasa tsohon rufi, a jera sabo mai faɗi. Taki-taki ake tafiya, tamkar a yashe rijiya mata na jan ruwa. A Tokyo ma, ta ƙarƙashin ƙasa aka buɗa wasu mahaɗun ramin Yamate mai kilomita 18, wanda aka kammala a 2015, unguwanni na barcinsu a sama.

Mu kuwa daga sama mukan fara. Ko gadar ƙasa ta Ƙofar Kabuga a Kano tonawa aka yi a buɗe.

Mai karatu zai ce Jiwa ba ta da ramin da za a faɗaɗa, aikin kuma akwai tsada. Duk gaskiya ne. Lissafin ne ban gamsu da shi ba. A ganina rusau na yin araha ne domin wasu ke biyan cikon. Mai ƙiyasin diyya yakan ƙirga bulo da kwanon rufi da bishiyar mangwaro. Takardarsa ba ta da gurbin kushewar kaka, balle cinikin mai shayin da ƙura ta kora wata shida, ko maƙwabcin shekara 40 da aka ba fili a wata uwa duniya.