Ga masu cewa "ai mage ce kawai"

Na so in yi shiru, wallahi na so, amma abin ya tsaya min a rai, kuma kun san halina, in ban rubuta ba barci ba zai ɗauke ni ba.

Tun da na sa hoton kyanwata Toka a kwance na ce ku taya ni da addu'a ta ci guba, saƙonni ke ta shigowa. Waɗanda suka yi min jaje na gode, Allah ya bar zumunci. Ta samu sauƙi, ta fara lasar ruwa, har ɗazu ta lallaɓa ta hau taga inda ta saba zama. Sai dai a cikin saƙonnin akwai guda biyu da suka hana ni sakat. Wani bawan Allah ya ce ana fama da tsadar masara, mutane na kwana da yunwa, ni kuma ina kukan mage. Wata kuma da muke zauren marubuta ɗaya a WhatsApp ta ce da lokacin da nake ɓatawa wajen mage da tattabaru na zuba shi a littafin da nake rubutawa, da tuni na gama har an manta. Ta sa alamar dariya a ƙarshe don a ce wasa ne. Anti, na ga dariyar, amma saƙon ya iso.

Bari in fara da mai maganar masara. Malam, a Unguwar Shanu nake, ba a wata duniya ba. Mudun da kake aunawa shi nake aunawa. Ranar Talata in na shiga kasuwar Kawo sayen dawar tattabarai, ni ma sai na tsaya na yi lissafi kafin in buɗe jaka. Toka kuwa kan kifi take ci da ragowar abin da aka bari a kwano. Ban taɓa hana almajiri sadaka don in ciyar da ita ba, kuma ban san inda aka ce tausayi yana ƙarewa in an ɗiba wa dabba ba. Abin da na gani da idona shi ne akasin haka: yaron da aka bari yana ɗaure wa mage igiya a wuya yana ja a lungu, manya na zaune a kan dakali suna dariya, shi ne gobe yake cin zalin ƙannensa ba ya jin komai.

Kuma wai mu Musulmi ne muke irin wannan magana, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta ja masa wannan laƙabi, har ya rufe sunansa na yanka. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, duk mun ji shi a Islamiyya. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma faɗi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ita ba najasa ba ce. Har ƙanin Anas ɗan Malik, ƙaramin yaro, da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Fiyayyen Halitta ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun don ya kwantar masa da hankali. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. To ni wace ce da zan ji kunyar hawaye a kan Toka?

Batun gubar da Toka ta ci kuwa, ban ce wani ya yi da gayya ba, kada a je a ce na ce. Shinkafar ɓera aka zuba a lungunmu, kuma ba na ganin laifin wanda ya gaji da ɓeraye. Gidajenmu a cushe suke, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, kwatoci a toshe, ga zazzaɓin Lassa da ake kamuwa da shi ta fitsari da kashin ɓera. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, mu ne muke jibge shara a bakin ƙofa mu ce damina za ta kwashe. Amma guba ba ta san wanda aka zuba dominsa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: yau mage ce, gobe kajin maƙwabciya, jibi yaro mai rarrafe da duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.

Tunda an zo nan, ga ɗan abin da na sani, mafi yawa daga bakin likitan dabbobin da ya duba ta. Kada ku ba mage farasitamol ko da gutsure ne, jikinta ba ya iya sarrafa shi, kashe ta yake yi. Kada a danne ta a ɗura mata manja ko madara kamar yadda aka yi ta ba ni shawara, yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Wani nau'in gubar ɓera jini yake hana daskarewa, shi ya sa dabba kan yi kwanaki tana yawo lafiya kafin ta kwanta, kuma yana da magani in an kai ta da wuri. In ka samu ledar gubar, tafi da ita wajen likita ya ga irin ta. Iyakar sanina ke nan, ni ba likita ba ce, 'yan aji uku nake koya wa karatu.

Yanzu ke, Anti marubuciya. Maganarki ce ta fi yi min ciwo, don ke 'yar gida ce, kin san yadda rubutu yake.

Kin san abin da ya hana littafin nan ƙarewa, duk wanda ke bin shafin nan ya sani. Da safe makaranta, in dawo in tarar da wanke-wanke da girki, da dare in kama waya ina latsa labari da ɗan yatsa, wuta ta ɗauke, caji ya mutu a tsakiyar jimla. In aka yi sa'a babi ya fito, ka sa masa ɗan kuɗi kaɗan, mutum ɗaya ya biya ya watsa wa zauruka goma kyauta, har a dawo maka da shi a ce ka karanta akwai daɗi. Wannan ne ke kashe gwiwar marubuci. Toka ba ta taɓa satar min babi ba.

Kuma a ina aka taɓa yin marubucin da ba shi da wata rayuwa sai alƙalami? Lokacin da aka yi gasar rubutun 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya, Abubakar Imam malamin makarantar Midil ne a Katsina, a haka ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma koyarwa yake yi a Bauchi sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu cire ta aka yi daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma yaƙi da jahilci, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Matan da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016, da yawansu da goyo suke rubutu. Kowa da abin da ke cin lokacinsa, nawa dai yana da gashi da fiffike.

Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne, waɗannan dabbobin su suka koya min zama in kalli abu har in gane shi. Tattabarun nan na Yaya ne, da ya tashi daga gidan ya bar min su da akurkinsu, kun tuna har na yi ta mita a lokacin. Da na fara zama gabansu bayan la'asar sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Tattabara ƙwai biyu take yi. Ba ita kaɗai ke kwanci ba, namijin yakan karɓe ta da rana, ita ta kwana a kai, haka suke yi har wajen kwana 18 kafin a ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kuwa uwa da uba duka ke ciyar da su da wani farin abu mai kauri da ke fitowa daga maƙoshinsu. In ɗaya ya ɓata, ɗayan yakan yi ta kuka a bakin akurki ya rage cin abinci. Babin nan da kuka yi ta yabo, inda Malam ya zauna a tsakar gida bayan an kai matarsa asibiti ya rasa inda zai sa kansa, har wasu suka tambaye ni ko na taɓa aure a ɓoye, a gaban akurki na samo shi. Ita kuwa Toka, ita ta nuna min yadda ake shiga ɗaki a karance kowa ba a ce uffan ba. Uwargidan da kuke tsoro a labarin nan, zamanta da kallonta duk na Toka ne.

Ba ni na fara ba. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka rene mu da su, Gizo ne da Ƙoƙi, da kura da dila. A Magana Jari Ce, aku Abubakar Imam ya ɗora wa ba da labari. Ernest Hemingway na Amurka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1954, gidansa da ke Key West har yau cike yake da maguna, wasu masu yatsu shida, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Ba ina haɗa kaina da su ba ne, ina ni ina su, ko littafi ɗaya ban buga ba. Ina dai cewa ba kiwon mage ke hana alƙalami tafiya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san abin da zai biyo baya a ƙasan rubutun nan, don Gwaggo ta riga ku. Za a ce gashin mage na hana haihuwa, za a ce baƙar mage aljana ce, za a ce wane namiji zai ɗauki mace da kyanwa a cinya. Na farko ba shi da tushe. Abin da yake gaskiya shi ne ana son mai ciki ta guji kwashe kashin mage da hannunta, saboda wata ƙwayar cuta da kan cutar da ɗan tayi, sai wani ya kwashe mata. Mai asma kuma gashin kan tayar masa da ita, wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba na barin Toka ta shiga ɗakin Inna. Ana yi wa mage allurar rigakafin ciwon haukan kare, tawa an yi mata, kuma duk wanda mage ko kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ya nufi asibiti, kada ya tsaya shafa toka ko gishiri. Batun aljanu kuwa, ina karanta Ayatul Kursiyyu kamar kowa, ban ga dalilin da zai sa a kashe halittar Allah saboda launin da ba ita ta zaɓa ba. Maganar miji na bar wa Allah. Wanda mage za ta kora, da ma can ba mai zama ba ne.

Har yanzu dai kalmar nan "kawai" ce ke min yawo a kai. Mage ce kawai. Haka ake ce min labari ne kawai, in an ga na kwana ina gyara shafi ɗaya. Duk abin da ba ya kawo kuɗi yau-yau, a wurinmu zaman banza ne, sai ranar da ya kawo kowa ya ce da ma ya san za a yi haka.

Roƙona ga mutanen Unguwar Shanu da Abakpa da Unguwar Kanawa da duk inda wannan rubutu ya kai: in za ku sa wa ɓera guba, ku sa ta a cikin abin da yaro da kaza da mage ba za su kai gare ta ba, ku sanar da maƙwabta, mushen ɓeran kuma a binne shi kada a wurga a kwata. Iyaye, in kun ga ɗanku da danƙo yana harbin tattabarun mutane ko yana jifan mage, ku kira shi ku karɓe, ku gaya masa akwai hisabi a kai.