Takarda Me Ta Yi Masa?

Rubutunmu na wannan makon ya samo asali ne daga wata gardama da muka tafka a kan shafi ɗaya tak na wani labari, gardamar da ta kai mu har zauren kawunmu a Kucheri.

Mu huɗu ne muke haɗuwa a Gusau duk ƙarshen wata, kowa ya karanto abin da ya rubuta, saura su yi masa gyara. Dukanmu 'yan ƙasar Tsafe ne, karatu da neman abinci suka kawo mu birni. Ranar nan sai ƙaraminmu ya zo da babin farko na sabon littafinsa. Tauraron labarin ɗan mai kuɗi ne. Ran Asabar ya shiga wani shago a Tudun Wada, mai shago ya jera masa ƙananan bindigogi biyu a kan kanta, Glock 17 da Beretta 92, don ya zaɓi wadda zai je wasan harbi da ita shi da abokansa. Marubucin ya tsaya a nan ya tambaye mu: wacce ta fi dacewa da tauraron?

Nan fa muka rabu gida biyu. Duka bindigogin iri ɗaya ne ta fuskar aiki, wato duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ke fita, ita kuma bindigar ta ɗura na gaba da kanta. Masu son Glock suka ce ƙirar Ostiriya ce ta farkon shekarun 1980, gangar jikinta roba ce mai tauri, ba ta da nauyi, tana cin harsashi 17, kuma jan kunamarta bai canzawa daga na farko har na ƙarshe, don haka ɗan koyo ba zai rikice ba. Masu son Beretta suka ce ai nauyin shi ne amfaninta. Ƙarfe ce da ta kusa kilo ɗaya, saboda haka ba ta zabura a hannu kamar ta roba, kuma mai harbin allo hannu natsattse yake nema. Suka ƙara da cewa sojojin Amurka sun ɗauke ta a 1985, kamfaninta na Italiya kuwa ya kusa shekara ɗari biyar yana wannan sana'a. Aka mayar musu da cewa harsashi 15 take ci, kuma jan farko yana da tauri da tsawo, sai daga baya yake sauƙi.

Mun fi awa ɗaya a kan wannan. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa riƙe ko da ɗaya daga cikinsu. Ilmin duk na finafinai ne da bidiyon waya.

Sai can babbarmu a wannan zama, wadda ta fi mu bin diddigi, ta ce: "To wai ni, a ina shagon yake?" Muka yi tsit. Ta tuna mana cewa Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta, wannan sai Sufeto Janar. Fistol kuwa da libarba suna cikin jerin haramtattu, layi ɗaya da bindigogin yaƙi, kuma Shugaban Ƙasa ne kawai ke da ikon ba da izininsu. Ke nan shagon nan babu shi a Tudun Wada, babu shi a Kano, babu shi a Legas. Marubucin ya ce ai ƙagaggen labari ne, gyaran mai sauƙi ne, zai mayar da tauraron ɗan wani babba da ya fi ƙarfin doka. Muka watse a kan haka.

Mako biyu bayan nan mu biyu muka je gida, da marubucin a ciki. Muka bar Gusau da hantsi, muka wuce Kwatarkwashi da Tsafe, domin duk wanda ya san hanyar Funtuwa ba ya yarda yamma ta yi masa tsakanin Magazu da Kucheri. Bayan la'asar muka je gaida Kawu. Tsohon maharbi ne, idonsa ya yi rauni, amma yana son a karanta masa labari. Aka karanta masa babin. Ya saurara har ƙarshe, sa'annan ya ce:

"Shi yaron naku, wa zai harba?"

"Ba kowa, Kawu. Takarda ce ake mannawa a allo, a zana mata da'ira, a yi ta harbi."

"Takarda? To takarda me ta yi masa?"

Muka yi dariya, shi ma ya dara. Daga nan ya ce kada mu ɗauka bai gane ba, su ma sun yi irin wannan wasa. Da rani, idan an dawo farauta, sukan rataye tsohuwar ƙwarya a reshe, a ja baya a yi ta gwada saiti, wanda ya kuskure shi zai ɗauko kayan kowa zuwa gida. Ranar Sallah kuwa albarushi zalla ake ɗurawa, a harba sama, mata na guɗa, yara na toshe kunne suna ƙara matsowa. Ya ce a zamaninsu idan ka ji an ce 'yan bindiga sun iso, fitowa ake yi kallo, domin dakarun fada ne masu gaba a hawan sarki, irin waɗanda har yau ake gani a hawan Sallar Kano da Katsina.

Ku dubi wannan kalma da kyau, 'yan uwa. A cikin rayuwar mutum ɗaya ta tashi daga sunan masu nishaɗantar da jama'a ta koma sunan waɗanda ake kwana a daji don gudunsu. Yaron da aka haifa a Kucheri shekara goma da suka wuce ma'ana ɗaya ya sani.

Sai Kawu ya ce shi ma an taɓa ajiye masa bindigogi biyu ya yi zaɓi. A ƙarshen watan Yunin 2022 ne gwamnatin Bello Matawalle ta ba da sanarwar cewa jama'ar Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, ta ce za a raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19. 'Yan sanda suka ce ba a ɗage dakatarwar ba da lasisi ba, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ana can ana wannan ja-in-ja a rediyo, a nan gida samari sun riga sun fara lissafin buhun gero nawa za su sayar. Wani ɗan uwanmu ya zo wa Kawu da tambaya: ta toka ta maƙera zai saya mai araha, ko ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin mai harsashi? Kawu ya ce ya daɗe yana kallonsa, ya rasa ta cewa. Ya san ta toka harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura ta, ya kuma san abin da waɗancan suke riƙe da shi. Hana shi ma bai iya ba, don yaron yana da mata da 'ya'ya biyu da gona a bakin daji.

Mun san wannan ɗan uwa. Tare muka tashi. Muna yara mukan jera gwangwanayen tumatir a kan katangar makaranta mu yi ta harbi da danƙo, kuma babu mai kama ƙafarsa. Yakan kira gwangwanin da zai kayar kafin ya saki dutse. Lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024, da hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya ya karaɗe duniya, hannu ɗaya a aljihu, ba wasu na'urori a fuska, ya ci azurfa a harbin mita 10 yana da shekara 51, shi muka tuna. Idon nan da natsuwar nan yana da su. Yau yana nan da ransa, alhamdu lillahi, yana cikin masu gadin gari da dare. Tun abin da ya faru a Wanzamai, maƙwabtanmu, a watan Afrilun 2023, da aka kwashe mutum fiye da tamanin, yawancinsu yara da suka je itace, ya daina kwana a ɗaki. Rannan yaransa suka jera gwangwani a ƙofar gida, ya fito ya kwashe ba tare da ya ce komai ba.

A motar dawowa marubucin bai yi magana ba har muka wuce Tsafe. Sa'annan ya ce ya gane matsalar babin ta wuce ta shago da lasisi. Ya ɗauko bindigar wasu mutane ya ajiye a garinmu, ya manta cewa mai karatunsa a Tsafe ko Bunguɗu ba zai ga kalmar nan ya wuce kamar ya ga sunan mota ba. Ga wanda ke zaune inda ake zuwa filin harbi ran Asabar a dawo a ci abincin rana, tambayar roba ko ƙarfe tambaya ce mai ma'ana, kuma ba ma yi musu hassada. Zaman lafiya ne ya ba su damar yin ta.

Bai goge babin ba, kuma mun ji daɗin haka. Ya mayar da tauraron ɗalibi daga Kucheri da ke karatu a ƙasar waje. Abokan karatunsa suka ja shi filin harbi don nishaɗi, aka ajiye masa Glock da Beretta, kowa na ba shi shawara, irin shawarwarin da muka yi ta yi a Gusau. Yana miƙa hannu sai wani a layin gefe ya harba. Babin ya ƙare yana tsaye a waje yana neman lambar mahaifiyarsa, duk da ya san an katse layukan waya a Zamfara, kamar yadda aka yi a watan Satumban 2021. Binciken da marubucin ya yi bai tafi a banza ba, duk yana cikin babin, sai dai yanzu a bakin abokan yake.

Da aka karanta wa Kawu sabon babin ta waya, cewa ya yi: "Yauwa, wannan yaron na san shi."

Ga tambayarmu ta mako. Wane abu kuka taɓa ɗaukowa daga fim ko littafin waje kuka saka a labarinku, daga baya kuka gane a garinku wata ma'ana gare shi? Ku ajiye mana a ƙasa. Allah Ya zaunar da Zamfara da ƙasa baki ɗaya lafiya, Ya nuna mana ranar da yara za su sake jin an ce 'yan bindiga sun iso, su fito kallo.