Dodon da Ya Buɗe Baki a Pusiga

Duk ɗalibin da ya karanci wasannin gargajiya na Hausa ya san tashe. Idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fito bayan shan ruwa, su bi gida-gida da kiɗa da waƙa da shigar ban dariya, matan gida su ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Masana sun danganta sunan da kalmar "tashi", wato tashin mutane domin sahur. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun tafi da irin waɗannan al'adu cikin kayansu. A Wagadugu har yau ana wasan Dodo cikin azumi, kuma mutanen garin suna jingina asalinsa ga Hausawa 'yan kasuwa. Can Amurka ma, a daren 31 ga Oktoba da suke kira Halloween, yara kan yi shigar ban tsoro su bi gidaje ana ba su alewa, manya kuma su kafa mutum-mutumi mai motsi a ƙofar gida.

Pusiga gari ne a kusurwar arewa maso gabashin Gana, gabas da Bawku, dab da iyakar Togo da Burkina Faso, inda Hausa take haɗa Kusasi da Bisa da Mosi a kasuwa. Akwai wani gida a can wanda kakanninsa suka baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, suka ɗan zauna a Yendi, sannan suka nufo arewa. Tsohon gidan bai yarda azumi ya wuce jikokinsa ba su yi tashe ba, ko da a iya layinsu ne. Babban jikansa, ɗan shekara goma sha huɗu, shi ke haɗa dodon kowace shekara: ƙwarya ce kai, kwali ne muƙamuƙi, tsohon buhu ne riga. Da ya ga dodannin Amurka a wayar abokinsa suna wage baki ba mai taɓa su, sai ya ƙudurta nasa ma zai yi haka.

Ya kai maganar wurin kawunsa mai gyaran rediyo. Kawun ya zaro ƙaramin injin da ke juya kaset daga cikin wata matacciyar rakoda, ya jera batir huɗu kai da gindi, kowane bolt 1.5, suka ba da bolt 6. Yaron ya ɗaura zare daga injin zuwa muƙamuƙin ya jona waya. Nan take kwalin ya yage.

"Kawu, ƙarfi ne ya yi masa yawa?"

"Sauri ne, ɗana. Sannu ba ta hana zuwa."

Irin wannan inji yakan juya kusan sau 2,400 a minti ɗaya, baki kuwa ba ya buɗewa haka. Maganinsa shi ne a haɗa ƙaramin faifai da babba da zoben roba. Idan faɗin na jikin injin santimita ɗaya ne, na biyun kuma santimita goma, sai ƙaramin ya zagaya sau goma kafin babban ya zagaya sau ɗaya, juyi ya sauko 240. Aka kafa wani ƙaramin faifai a tsakiyar babban, aka haɗa shi da wani babba, juyi ya koma 24, ƙarfin ja kuwa ya ƙaru gwargwadon yadda sauri ya ragu. Saura a mai da zagaye ya zama sama da ƙasa. Kawun ya kafa ƙusa a gefen faifan ƙarshe, nesa da tsakiya, ya lanƙwasa wayar keke ya maƙala kai ɗaya a ƙusar, ɗayan a muƙamuƙi. Ƙusa ta yi ƙasa baki ya buɗe, ta yi sama ya rufe. Tazarar ƙusa daga tsakiya ita ke yanke girman hammar: santimita biyu na ba da tafiyar santimita huɗu.

Yaron ya kai wa kakansa yana ɗoki. "Kaka, duba, ya motsa!"

Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Abokina, wannan bai motsa ba. Motsa shi aka yi."

Maganar ta cancanci ɗalibi ya tsaya a kanta. "Motsa" aikatau ne na giredi na ɗaya a tsarin Parsons, kuma yana zuwa ta fuska biyu. A "ya motsa" ƙi-karɓau ne, mai aikin shi ne mai motsin. A "an motsa shi" so-karɓau ne, motsin daga waje ya zo. Akwai kuma "motsu", na giredi na bakwai, mai nuna cewa abu ya karɓi aikin, kamar a ce dutsen ba ya motsuwa. Tsohon ya raba abu mai rai da abin da hannu ya ƙera, kuma da wannan rabewar ya kwantar da hankalinsa game da sura mai kama da halitta. Amma damuwarsa ta wuce nan. A saninsa, abin da matan gida suke bayarwa ladan rawa ne da murya da jure kunya a gaban jama'a. Yana tsoron yaran da suka koyi tsayawa suna kallon inji za su manta waƙoƙin, waƙa kuwa idan tsara ɗaya ta bar ta, ba a kasuwa ake sayo ta ba. Saboda haka ya kafa sharaɗi: dodo zai fita, amma ba za a kunna shi ba sai an gama waƙa.

Daren goma ga wata suka fita da wuri, domin iyaye a wannan yanki sun saba da dokar hana fita da rikicin sarautar Bawku ya sha jawowa, ba sa barin yara su yi dare. A gidan farko suka yi waƙarsu har ƙarshe, yaron ya danna makunni a ƙarƙashin buhu, dodo ya wage baki a hasken tocila. Ƙananan yara suka watse da ihu, wata tsohuwa ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ƙara musu sidi biyu a kan geron da ta auna. A gida na biyar roba ta fara zamewa, batir ya yi sanyi, baki ya tsaya a buɗe. Yaron ya zare wayar keken daga ƙusa ya riƙe ta a hannu, yana ja yana saki daidai da kiɗan gwangwani. Sai ga dodo yana bin waƙa baiti-baiti, yana yin shiru inda amshi ya tsaya, abin da injin bai taɓa iyawa ba, domin shi sau 24 ɗinsa yake yi ko ana waƙa ko ba a yi.

Washegari ya koma shagon kawunsa da wata buƙata dabam. Yana so a mai da injin kan idanu, su riƙa jujjuyawa da kansu, baki kuwa a bar masa a hannunsa.