Ba kullum ne laifin batir ba

A Gamu, in mota ta yi nauyin tashi, kafin direba ya ɗaga kapo ƴan kallo sun yanke hukunci: "Batir ne!" Wannan saurin yana da tsada. Sabon batir sai an je Gure, wani lokaci har Damagaram, kuma motar da ta kwana ita ce ta ƴan kasuwa, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti. Turawa kuwa, wa zai tura Land Cruiser cikin rairayinmu?

Kawuna direba ne, ni kuma ilimin harshe nake karanta, to a kunne muka haɗu. Shi yana bambanta kukan mota kamar yadda ake koya mana bambanta k da ƙ. In ta yi "gurr… gurr" a kasalance, wuta ce ta yi ƙaranci. In "ƙas" ɗaya ta yi ta tsaya, sai ya ce, "Ɗana, kunna fitilun gaba." A murɗa makulli: in haskensu ya dushe, a duba batir da wayoyinsa, in yana nan garau, a nemi demarer.

Abin da ya fi burge ni shi ne kos, ƙarfen da ke riƙe kan batir. Farin garin da ke taruwa a kansa yana tare wuta, har lafiyayyen batir ya zama kamar matacce. Maganinsa na cikin madafin inna: kanwa a ruwan ɗumi, a cire wayar baƙi tukuna, a goge, a ɗaure tamau. (A aji sai mu ce kos daga Faransanci aka aro ta, kamar kapo da demarer, kawu bai damu ba.)

In akwai na'urar awo, magana ta ƙare. Cikakken batir yana nuna volt 12.6, in inji na aiki kusan 14. In bai kai haka ba, alternater ne ba ya caji, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. Zafin bazara ne ke ƙafar da ruwan batir, sanyin hunturu ya tona asiri da asuba. Masu cika shi da ruwan rijiya kuwa, da masu cajin salula goma a jikinsa mota na kashe, kawu ya daina yi musu magana.