Daga Pumpumre Zuwa Nkongsamba: Hanyar Da Jirgi Ya Bari

Duk wanda ya taɓa fitowa daga sallar asuba a babban masallacin Pumpumre ya ɗan tsaya a bakin titi, ya san su wane ne ke fara buɗe garin Garwa. Masu keke ne, ko baskur kamar yadda bakinmu ya saba faɗi a nan. Ga mai itace ya ɗauro damin da ya fi shi tsawo, ga mai gawayi da buhu biyu, ga mai jarkokin nono, ga kuma 'yan makaranta daga ƙauyuka, wani ya goyo ƙanensa a kan kariya. Dukansu a gefen kwalta suke raɓewa, tirelar auduga ko tankar mai ta zo ta wuce su, iskarta kaɗai ta isa ta jefa mutum cikin rami.

Mu malaman makaranta mun san abin da wannan raɓe-raɓe ke jawowa. Bara wani ɗalibinmu ɗan aji shida, yaro mai ƙoƙarin lissafi, wanda ke zuwa a keke daga wani ƙauye ta hanyar Pitowa, mota ta goge shi ya karye a cinya. Allah Ya sa da sauran kwanansa a gaba, amma jarrabawa ta wuce shi, mahaifinsa kuma ya rantse ƙanwarsa ba za ta hau wannan titi ba. Ita da makaranta yanzu sai hange. Abin yana ranmu lokacin da tafiyar da za mu ba ku labari ta taso.

A babban hutun da ya wuce ne wani amininmu ya gayyace mu ɗaurin auren 'yarsa a unguwar Hausawa ta Nkongsamba. Mu uku muka tashi. Daga Garwa muka shiga mota zuwa Ngaundare, tafiyar wajen kilomita 275, ta Ngong da Mbe, sa'an nan aka kama hawan dutsen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kai mutum tudun Adamawa. Mu mutanen Garwa ai jirgin ƙasa baƙo ne a wurinmu, domin dogo a Ngaundare ya tsaya tun da ya iso can a 1974. Da yamma muka shiga jirgi, muka kwana muna tafiya ta Ngaundal da Belabo, kilomita 622, gari ya waye mana a kusa da Yawunde. Daga nan mota ta kai mu Duwala, muka ƙetare gadar kogin Wuri zuwa Bonaberi, muka kama babbar hanya mai lamba 5 wadda ta ratsa ƙasar Mungo.

Kai, ƙasar Mungo Allah Ya yi mata albarka. Baƙar ƙasa ce ta tsohon aman wuta, abin da ka jefa sai ya tsiro. A Njombe da Penja gonakin ayaba iyakar ganinka, ga masoron Penja wanda sunansa ya kai har Turai, a Lum kuma abarba da gwanda jibge a bakin titi. To, tun daga Mbanga muka lura da wani tudu siriri da ke bin mu, wani lokaci ya matso kusa da titi, wani lokaci ya ɓace cikin gonaki, can sai ka hangi tsohuwar gadar ƙarfe ciyawa ta lulluɓe ta. Muka tambayi direba, ya ce ai hanyar jirgi ce, amma jirgin ya daɗe da mutuwa.

Jamusawa ne suka shimfiɗa wannan dogo da gumin 'yan ƙasa. An fara aikin a 1906 daga Bonaberi, ya isa Nkongsamba a 1911, kilomita 160. Jirgin nan shi ya yi Nkongsamba. Shi ya riƙa sauko da kofi da ayaba zuwa bakin teku, har garin ya zama na uku a girma a Kamaru a wani zamani. Iyayenmu fataken goro da masu shanu su ma a tasharsa suka ci kasuwa, suka kafa unguwa, suka hayayyafa. A 1969 aka fitar da reshe daga Mbanga zuwa Kumba. Amma da kwalta ta samu, manyan motoci suka ƙwace kaya, farashin kofi kuma ya faɗi, sai aka rufe ɓangaren Mbanga zuwa Nkongsamba a farkon shekarun 1990, zamanin hukumar Regifercam. Wajen kilomita 90 ke nan aka bar wa ciyawa.

Bayan an shafa fatiha an ci an sha, muka roƙi wani dattijo a unguwar, tsohon mai sayar da goro, ya kai mu mu gani da idonmu, tunda gani ya kori ji. Ya fara kai mu tsohuwar tasha, gini na nan amma ba kukan jirgi. Washegari muka sauka wajen Manjo, muka hau kan tudun muka bi shi da ƙafa. An kwana ana ruwa, irin ruwan Mungo da ba ya jin kira. Hanyoyin gona duk sun zama taɓo, amma inda muke takawa ƙafarmu ko nutsewa ba ta yi, domin tsakuwar da aka zuba tun da can tana nan tana tsiyaye ruwa. A wurare da dama ƙarfen ya ɓace. Ba mu daɗe ba muka fara gamuwa da mutane: mata da kwandunan gwaza a ka, wani saurayi yana tura keke da nonon ayaba huɗu, yara suna tafe da adduna.

Muka ce, "Baba, ashe hanyar ba ta mutu ba."

Ya ce, "Malam, jirgi ne ya mutu. Talaka bai daina binta ba ko rana ɗaya. Amma bari mu kai gada ka ga abin tausayi."

Da muka isa wata ƙaramar gada, sai ga ta ba daɓe, ƙarafa ne kawai a gicciye, ruwa na gudu a ƙasa. Saurayin nan ya sauke ayabarsa, ya ƙetara da ita ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya dawo ya saɓi keken a kafaɗa. Gaba kaɗan kuma daji ya toshe hanyar, dole kowa ya gangara ya koma kan kwalta, cikin manyan motocin da ke tsere tsakanin Duwala da Bafusam.

A nan ne muka tuna da darasin da muke koya wa yara. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, in hawa ya yi tsanani sai ta riƙa zamewa. Saboda haka masu shimfiɗa dogo ba sa tunkarar tudu kai tsaye. Sukan fasa shi, ko su kewaye shi, su cike kwari, su sa gada da kwalbati, domin hawan ya zo a hankali. Nkongsamba tana gindin duwatsun Manenguba da Nlonako, sama da mita 800 daga teku, amma a kan wannan tudu mutum yana hawa bai ma san yana hawa ba. Abin da jirgi ke so, shi mai keke da kaya yake so, shi mai tura baro yake so, shi gurgu mai keken hannu yake so. Wato aiki mai tsada an riga an yi shi fiye da shekara 100 da suka wuce. Saura a sare daji, a daddaɓe jar ƙasa, a yi wa gadoji daɓe da makari.

Kada wani ya ce mafarkin malaman makaranta ne. Wasu ƙasashe sun yi. A Sipaniya an fara wani shiri a 1993 na mai da matattun layukan dogo hanyoyin keke da na ƙafa, yau sun gyara fiye da kilomita 3,000, tsofaffin tashoshi da yawa sun koma masauki da gidan abinci. A Niyu Zilan akwai wani layi a yankin Otago, ƙasar makiyayan tumaki, wanda aka rufe a 1990. Aka mai da kilomita 150 nasa hanyar keke, aka buɗe a 2000, ƙananan garuruwan da suka fara zama kufai suka farfaɗo da sayar wa matafiya abinci da wurin kwana. Amurka kuwa wata dabara ta yi a dokarta ta 1983: in an daina amfani da layi, sai a ba da shi a yi hanyar keke, amma filin ya zauna a dunƙule ba a yanka shi ba, duk ranar da aka bukaci jirgi ya dawo ga hanyarsa nan.

Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da su, kuma bambancin a wajenmu ya fi nauyi. Bature yakan hau keke ran hutu don motsa jini da shan iska. Mu kuwa keke jakinmu ne. Da shi ake kai amfanin gona kasuwa, da shi ake zuwa makaranta, da shi ake kai mara lafiya asibiti. In masu yawon buɗe ido sun zo, madalla, mai shayi da mai tsire da mai facin taya su samu. Amma ko baƙo ɗaya bai zo ba, manomin da ya kai ayabarsa Lum ba tare da ya biya kuɗin mota ba ya ci riba, uwar da ɗanta ya dawo makaranta da ƙafafunsa biyu ita ma ta ci riba.

Dattijon nan bai bar mu mun tafi da daɗin baki ba. Ya ce mutanen Mungo jirginsu suke so a dawo musu da shi, ba keke ba. Gaskiyarsa, mu ma muna taya su so. Amma wane jirgi zai dawo in an wayi gari hanyar ta zama gidaje da gonaki? Mun ga inda aka riga aka ci iyaka, wani ya dasa rogo, wani ya kafa rumfa. Hanyar da ake bi kullum ita ce ba a iya cinyewa, don haka keke gadi zai yi wa jirgi. Ya kuma ce ranar da aka gyara ta, masu babur za su ƙwace ta, su riƙa banke yara kamar yadda ake yi a kwalta. Wannan ma gaskiya ne, sai an kafa turaku a mashigai, sarakunan ƙauyuka kuma su tsaya da bakinsu. Na uku, ruwan sama ba ya raga wa hanyar da ba a kula da ita. In ba a ɗora wa kowane ƙauye yashe kwalbatin da ke yankinsa ba, damina biyu ta isa. Filin na gwamnati ne, sai da yardarta. Amma magajin garin Manjo ko na Lum ba sai ya jira a yi kilomita 90 gaba ɗaya ba. Ya nemi izini ya fara da biyar, tsakanin ƙauye da kasuwa, ya kai kukansa asusun FEICOM da aka kafa don ayyukan ƙananan hukumomi. In an ga amfanin biyar, goma za ta biyo.

To, mu na Garwa ina ruwanmu, tunda ba mu da dogo balle ya mutu? Da muka dawo gida muka gangara bakin Binuwai, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Dattawanmu sun ga lokacin da jirage ke hawowa daga Nijeriya in kogi ya cika da damina, su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan zirga-zirga, dogo ya iso Ngaundare, aka gama madatsar Lagdo a 1982, tasha ta yi shiru. Ashe mu ma muna da tamu hanyar da aka bari. 'Yan uwanmu na Nijeriya su ma suna da tasu: ƙaramin jirgin kuza da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914 an rufe shi a 1957, yau samarin wurin sai dai su ji a bakin kakanni. Kowace hanya da zamaninta, abin da ke saura shi ne filin da aka shimfiɗa ta.

Ga kuma maganar gobe. A 2014 Kamaru da Cadi suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa dogo daga Ngaundare zuwa Njamena, ɗaya daga hanyoyin da aka tattauna kuwa ta biyo ta Garwa da Marwa da Kuseri. In Allah Ya sa ta nan aka biyo, masu aikin dole su share hanya a gefe don motocinsu. Roƙonmu shi ne kada a bar ta ta lalace in an gama. A katange ta daga dogo, a bar wa masu keke da masu amalanke, kowace gada kuma a yi mata gefen da talaka zai bi. Tun ana zane a takarda ake faɗin irin wannan magana, in an zuba siminti an makara.

Kafin wannan rana, muna kira ga ƙungiyoyin iyayen yara da shugabannin unguwanni da 'yan majalisar gari su dubi hanyar Pitowa da ta Gashiga. Siririyar hanyar jar ƙasa, taku kaɗan nesa da kwalta, ba ta fi ƙarfin gari kamar Garwa ba. 'Yan uwanmu na Nkongsamba da Lum da Mbanga kuma, ku da kuke kwana kusa da wannan dukiya, ku kai maganar gaban magadan garuruwanku, ku rubuto mana abin da suka ce.

Ɗalibin namu ya warke, ya dawo aji yana ɗan ɗingishi. Ƙanwarsa har yanzu tana gida. Allah Ya nuna mana ranar da mahaifinta zai sake ta da kwanciyar rai, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.